Sifilin Malam Ya-danganta

A sashen nazarin ƙasar noma na kwalejin akwai wata ɗabi'a da Farfesa, shugaban sashen, ya ƙirƙiro. Duk ɗalibin da ya shigo, a makonsa na farko ana ba shi tambayoyi ashirin ya amsa. In ya zo fita bayan shekara huɗu, a sake miƙa masa waɗannan ashirin ɗin dai. Makin ba ya shiga sakamakon kowa. Sashen ne ke auna kansa, ya ga me ya zuba a kan yaran tsakanin shiga da fita.

Shekara goma sha ɗaya ana yin wannan jarrabawa, ba a taɓa duba takarda ko ɗaya ba. Ɗaure su ake yi da igiya, a jibge a saman kabad ɗin ofishin Farfesa. Bana ne hukumar kwalejin ta aiko takarda: kowane sashe ya kawo hujja a rubuce cewa ɗalibansa na koyon wani abu. Ta ƙara da cewa za a shigo da sabon kwas na kwamfuta, don haka kowane sashe ya nemo kwas ɗin da ya fi rauni, ya ba da gurbinsa.

Sai aka sauko da ɗaurin bana, aka kaɗe shi.

Malamai shida suka zauna a dogon teburin ɗakin taro, fankar sama na juyawa kamar an tilasta mata. Malamar ƙididdiga, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsu kuma sakatariyar aikin, ta riga ta naɗe kusurwar kowace takarda ta buga mata ƙusa, ta rubuta lamba a maimakon suna, ta cakuɗa takardun sababbin shiga da na masu fita. Ta raba wa kowa jan biro da takardar amsoshi. Farfesa ne ya rubuta amsoshin, daga ɗan littafin da ya wallafa tun yana da gashi a ka, wanda har yau ake karanta shi a makarantun sakandare.

"Doka ɗaya ce," in ji ta. "Abin da ke takardar amsoshi shi ne daidai. Ba a musu da ita." Ta faɗa tana kallon mutum ɗaya.

Mutumin shi ne Malam Ya-danganta. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan tun da daɗewa, har ya kai in an kira shi da na yanka sai ya waiga ya ga ko da wani ake. Ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, sai ya duba agogon hannunsa, ya duba na bango, sannan ya tambaye ka me za ka yi da lokacin. Shekara ashirin da shida yana koyar da kwas ɗaya tak, aikin fili, Talata da Alhamis da yamma, a gonar da ke bayan kwalejin. Ba shi da allo. Yana da bokiti biyu, da fartanya, da gorar ruwa. Yakan sa ɗalibi ya damƙi ƙasa, ya jiƙa ta, ya murza a tsakanin yatsu, ya faɗi abin da ya ji.

Takarda ta huɗu da ta zo hannunsa ita ta tsayar da shi. Tambaya ta tara tana cewa: buhu nawa na takin zamani ake zuba wa eka ɗaya ta masara? Takardar amsoshi ta ce buhu uku. Ɗalibin kuwa ga abin da ya rubuta:

"Ya danganta. Ba zan faɗi adadi ba sai na ga ƙasar. In mai yashi ce, ruwa zai wanke takin, gara a raba shi sau uku a zuba kaɗan-kaɗan. In laka ce tana riƙewa. Kuma zan tambayi mai gonar me ya shuka bara, don in wake ne, ƙasar ta riga ta ci rabin abincinta."

Malam ya karanta sau biyu. Muryar kansa ya ji a ciki, har da inda yake jan numfashi. Bai san mai takardar ba, amma ya san yammacin da ya faɗi maganar waken, yana tsaye a kan kunya, takalminsa cike da ƙasa.

Ya daɗe da biro a sama. Abin da ya dame shi ba wuya ba ne a faɗa. Amsar daidai ce. Dokar kuma ya ji ta da kunnensa, ya gyaɗa kai, sauran biyar ɗin suna binta. In shi kaɗai ya kauce, takardun da suka faɗo hannunsa za su sami abin da na hannun wasu ba su samu ba, ma'aunin ya zama biyu. In kuma ya bi, zai rubuta da hannunsa cewa gaskiya kuskure ce.

"Malam, takardar ta kama ka ne?" Farfesa ya tambaya daga kan teburin. "Ko maki ma ya danganta?"

Aka yi dariya. Malam ya sunkuya ya zana sifili, mai kyau, zagayayye. Kafin a tashi ya zana irinsa ya fi ashirin.

Bayan kwana uku malamar ƙididdiga ta same shi a ofishinsa, wani ɗan ɗaki kusa da matakala da yake rabawa da buhunan samfurin ƙasa. Ta taɓa zama ɗalibarsa, har yanzu ba ta zama sai ya ce ta zauna.

"Zauna, ɗiyata. Fuskarki ta riga ta faɗa."

"Malam, sababbin shiga sun sami sha uku cikin ashirin. Masu fita tara."

"Wato mun rage musu huɗu."

"Ɗaya a kowace shekara," ta ce, ta so ta yi dariya, ba ta fito ba. "Kuma duk faɗuwar a tambayoyi bakwai take, na aikin fili. Farfesa ya gani. Ya ce ga kwas mai rauni ya kawo kansa, ba sai an yi faɗa ba. Ranar Laraba za a yanke."

Malam ya dubi bokitinsa biyu a bayan ƙofa. Saura shekara uku ya yi ritaya. In aka ɗauke kwas ɗin ba korarsa za a yi ba, jadawalin darussa za a ba shi ya riƙa tsarawa, ya zauna a ɗaki yana raba wa mutane awanni. Gonar bayan kwaleji kuwa tuni masu motoci ke mata kallon wurin ajiya.

Ta ja kujerarta kusa, ta rage murya. "Takardar amsoshin tana kabad ɗina. Layi ɗaya zan ƙara a ƙasa: ko duk wata amsa mai hujja. In sake bi ta kan takardun masu fita ni kaɗai. Ba ƙarya ba ce, Malam. Kai ma ka san amsarsu ta fi ta Farfesa."

"Ta fi."

"To?"

"Da sakamakon ya yi mana daɗi, za ki ƙara layin?"

Ta kau da kai ta dubi buhunan ƙasa.

"Kin ga matata tela ce," ya ce. "Ban taɓa ganin ta auna yadi ya gaza, ta koma ta datse tef ɗin awon ba. Tef ɗin namu karkatacce ne, na yarda. Amma da shi muka ce za mu auna, kuma sai da muka ga abin da ya nuna sannan karkatarsa ta dame mu."

"Kai ne fa ka ba su sifilin nan da yawa. Na ga hannunka."

"Na sani. Sun yi kyau ko?"

Ta tashi tana girgiza kai. "Wallahi Malam, taimakonka ya fi cin jarrabawarka wuya."

Da la'asar ya koma gida ya tarar da matar tasa a baranda, kan keken ɗinki, allura biyu a bakinta. Ya zauna a kan benci ya kwashe labarin duka ya faɗa mata, yana ɗan ƙara wa kansa gishiri a wurin tef ɗin awo. Ta cire alluran.

"Wato yaran sun faɗi don sun ji maganarka."

"Sun faɗi don sun san abin da suke yi."

"Ikon Allah. Shekara talatin ina tambayarka ko riga ta yi maka kyau, kana ce mini ya danganta da haske. Yau ga shi ta kai ka gaban alƙali."

"Ranar da na ce ina sonki ai ban ce ya danganta ba."

"Ka yi shirun da ya fi shi tsawo." Ta taka keken, ya yi gudu kaɗan ya tsaya. "Amma Malam, tsakaninka da Allah, duka sun san abin da suke faɗa? Don ni ma na iya amsar nan. In mai kaya ta matsa mini yaushe zan gama ɗinkinta, sai in ce mata ya danganta. Ta tafi tana ganin na yi tunani. Ni kuwa ko yadin ban buɗe ba."

Ta miƙa masa bakin wani zane ya riƙe mata, ya riƙe, amma hankalinsa ya bar barandar. A wurin maki, daga ya ga kalmomin nan biyu a farkon amsa yakan ji wani daɗi ya tokare shi, sai ya zana sifilinsa ya wuce da sauri kamar mai tsallake kabarin wanda ya sani. Takarda ta huɗu ya karanta har ƙarshe. Sauran fa?

Washegari da safe ya je ofishin malamar ƙididdiga ya roƙi ta ba shi takardun masu fita, guda arba'in. Ya ajiye bironsa a kan teburinta don ta shaida, ya ce a bar ƙofa a buɗe. Ya bi tambaya ta tara ɗaya bayan ɗaya, yana tara su kashi uku.

Shida sun rubuta buhu uku. Sha tara sun yi irin ta takarda ta huɗu, kowa da nasa: wani ya kawo gangaren gona, wata ta kawo launin ganye, wani har ya zana rami ya nuna inda ƙasa ke canza kala. Sauran sha biyar kuwa kalma biyu suka rubuta suka tsaya. Ya danganta. Babu da me, babu don me. Wasu sun ja layi biyu a ƙarƙashi don ƙarfafawa. Mutum ɗaya ya rubuta ta a tambayoyi ashirin ɗin duka, har da wadda ke tambayar tsawon mita nawa ke cikin kilomita ɗaya.

"Wannan zai yi nisa a rayuwa," in ji malamar, tana leƙowa ta kafaɗarsa.

Malam bai yi dariya ba. Shekara ashirin da shida yana jin kalmar tana dawo masa daga bakin ɗalibai, yana ɗauka ilimi ne ke dawowa. Bai taɓa tsayawa ya ce, da me? Ashe wasu sun gano tun a mako na biyu cewa dattijon nan akwai kalmar da in ka faɗa masa yakan yi murmushi ya wuce na gaba.

Malamar ta tattara sha taran ta ɗora masa a hannu. "Waɗannan za ka kai ranar Laraba. Ka karanta musu uku, magana ta ƙare. Sha biyar ɗin nan daga ni sai kai muka gan su. Ba a tambaye ka ba. Wannan karon ko layi ɗaya ba a ƙara ba."

"Haka ne."

"Kar ka ce mini komai. Ka ce to."

Ya ɗauki bironsa ya fita, bai ce to ba.

Ranar Laraba ya shigo ɗakin taro da bokitinsa biyu, ɗaya a kowane hannu, ya ɗora su a tsakiyar teburin, a kan takardar ajanda.

"Malam, taro ne, ba shuka ba," in ji Farfesa. Shi da Malam tare suka fara aiki, kuma duk tsawon shekarun nan bai fasa tsokanarsa ba, bai kuma taɓa shan shayi a ofis ba tare da ya aika a kira shi ba. Yau dai ba ya son haɗa ido da shi. Ya sa malamar ta karanta alƙaluman. Ta karanta: sha uku, tara, tambayoyi bakwai.

"Abin ba daɗi," Farfesa ya ce, "amma lamba ba ta san abota ba. Kana da magana kafin mu yanke?"

"Tambaya ce, ranka ya daɗe. Wani manomi ne ya aiko ni. Gona biyu gare shi, eka ɗaya-ɗaya, masara zai shuka. Ga ƙasar wannan, ga ta wannan. Buhu nawa zai zuba?"

Farfesa ya san tarko ne. Amma shekara goma ke nan rabonsa da gona, kuma bokitin na gabansa, ƙasar na da ɗan danshi, tana ƙamshi. Hannunsa ya tafi da kansa. Ya damƙa, ya murza, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya tura hannu a ɗaya bokitin, ta manne masa.

"Haba, ai waɗannan ba a haɗa su," ya ce. "Wannan yashi ne zalla, in ka zuba mata a tashi ɗaya ruwan farko zai tafi da shi. Wannan kuwa... me ya shuka a nan bara?"

"Buhu nawa dai, ranka ya daɗe?"

"To ai ya dangan..."

Ya tsaya, baki a buɗe. Malamar ƙididdiga ta cire murfin jan bironta a hankali, ta zana wani ƙaton sifili a bayan ajanda, ta ɗaga kowa ya gani.

"Ba a musu da takardar amsoshi, Farfesa," ta ce.

Ɗakin ya fashe. Malamin kiwo har da buga tebur. Farfesa ya dubi hannunsa da ya yi dumu-dumu, ya dubi farar rigarsa, shi ma dariyar ta ƙwace masa. Malam ya karanta takarda ta huɗu da wasu biyu, aka saurara shiru. Da ya gama, Farfesa ya share ido da bayan hannu, ya bar laka a gira.

"To, an ji. Tambayoyin ne suka tsufa, ba yaran ba. Kwas ɗin Malam ya zauna yadda yake, mu nemi gurbin kwamfuta a wani wuri. Akwai mai ja?"

Babu. Malamar ta fara rubutawa da sauri, kamar mai rufe ƙofa kafin iska ta shigo.

"Saura kaɗan," in ji Malam.

Ta ajiye biron ta dafe goshi.

Ya zaro sha biyar ɗin daga aljihun rigarsa, ya shimfiɗa su a teburin ɗaya bayan ɗaya, ya bar su su karanta da idonsu. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce sha tara sun koyi duba ƙasa, sha biyar sun koyi duba shi. Ya ce sifilin waɗannan halal ne, kuma ba nasu ba ne su kaɗai.

Farfesa ya ɗauki ta mai kilomita, ya karanta daga sama har ƙasa, ya ajiye.

"Kai wane irin mutum ne?" ya ce. "An yanke hukunci ka ci, ka tashi ka ɗaukaka ƙara a kan kanka?"

"Rahoto za mu aika cewa ga abin da yaran suka koya. In an sa sha taran, a sa sha biyar ɗin."

"Wa ya tambaye ka?"

"Matata."

Aka sake dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Malamin kiwo, wanda kwas ɗinsa ne na gaba a layin yanka, ya gyara zama ya ce shi fa yana ganin kwas ɗin da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibansa suka fita da kalma biyu bai kamata ya riƙe yamma biyu a mako ba. Babu wanda ya iya ce masa ƙarya yake. Aka yi ta ja har shayin da aka kawo ya huce.

Ga abin da aka tsayar. Rahoto zai tafi da sha uku da tara yadda suke, da bayanin sha tara da na sha biyar a ƙarƙashi. Aikin fili zai zauna, gonar ma haka, amma Alhamis ta tafi ga kwamfuta, Talata kaɗai ta rage. Sannan Farfesa, yana goge yatsunsa da ajanda, ya ƙara nasa.

"Tunda tambayoyina sun tsufa, kai za ka rubuta sababbi. Da takardar amsoshinsu. Wadda ko malamin kiwo ya riƙa zai iya raba mai sani da mai fakewa. A rubuce, Malam. Da tawada."

A bakin matakala malamar ƙididdiga ta karɓi bokiti ɗaya ta taya shi. Sun sauka rabi kafin ta yi magana.

"Da ka yi shiru minti ɗaya, da Alhamis ɗinka na nan."

"Na sani, ɗiyata."

"Ka yi nadama?"

Ya dube ta, ta dube shi.

"Kar ka faɗa," ta ce.

Ranar Asabar da hantsi yana baranda, littafin rubutu a gwiwa. Ya rubuta tambaya ta farko tun jiya. Amsarta ce ta kai shafi uku, ya soke biyu da rabi. Abin da ya tsira layi ɗaya ne: wanda ya ce ya danganta, a ba shi maki in ya faɗi da me, abu biyu aƙalla, da abin da zai yi a kowanne. In bai faɗa ba, sifili. Ya karanta layin ya ji ya yi masa tsauri, ya ɗaga biro zai ƙara wani sharaɗi, ya fasa.

Matar tasa ta tsayar da keken ta dube shi ta saman tabarau.

"Saura nawa?"

"Sha tara."

"Yaushe za ka gama, in san ranar da zan sami mai riƙe mini zane?"

Ya ja numfashi, leɓensa ya fara haɗa kalmar. Ta ɗaga allin da take zana yadi da shi, ta riƙe a sama tana jira.

"Litinin ta sama," ya ce. "In Allah ya kai mu."

Ta yi ɗan nazari, ta ajiye allin.

"Wannan na karɓa," ta ce, ta taka kekenta.